Ummi, Kafin Ki Ɗaga Gaban Motar Kowa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

New Bell, Douala.

Zuwa ga 'yata Maimuna, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, da fatan wannan takarda ta same ki kin isa Bertoua lafiya, kin sauke kaya a gidan kawunki Sani, kin wanke jar ƙasar hanya, kin kuma ci abinci mai zafi. Allah ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa. Mamanki na ba wa takardar ta sa miki ita a jaka, na ce kada ta faɗa miki. Na san halinmu ni da ke. Da na zaunar da ke na fara nasiha, za ki dube ni ki yi murmushi, ni kuma in biye miki, maganar ta watse a dariya.

Tun ranar da aka kira ki aka ce kin samu aikin kula da motocin ƙungiyar manoman koko, ban bar kowa ya huta ba. Duk wanda ya shigo gareji sai ya ji. Mai shayin bakin layi ya ji sau uku, har ya ce idan na sake faɗa masa zai ƙara mini kuɗin madara. Liman ya ji, mai wankin mota ya ji. Ina cikin farin cikin da ban san inda zan ajiye shi ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da nake so in rubuta miki a kai ƙarami ne a ido. Hanyoyin gabas ramuka ne da taɓo, kuma duk mai pikap a can zai zo miki da buƙata ɗaya, a ɗaga masa gaban mota ya yi daidai da baya. A makaranta an koya miki sunayen kusurwoyin taya da Faransanci, sunayen da ni ko rubuta su ban iya ba. Ni a jikin motoci na koya, kuma sai da na ɓata wasu. Ga yadda aka yi.

Motata ta farko tsohuwar pikap ce fara, irin wadda kakanki, Allah ya ji ƙansa, yake kira a-kori-kura. Na saye ta shekara guda bayan aurenmu da mamanki, lokacin ina aiki a hannun Pa Ndumbe, ubangidana da ya koya mini sana'a a unguwar Nylon. Da safe ina gareji, da yamma ina ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya. Kamar kowace pikap, bayanta ya fi gabanta tsawo. Abokaina masu sayar da albasa a Marché Dakar suka sa mata suna Mai Ruku'u. Da na tsaya sai wani ya ce a dakata da lodi sai ta ɗago. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin ina matashi, kuma abin yana ci mini rai.

Wata Lahadi, Pa Ndumbe yana coci, na shigar da ita gareji. Irin tsofaffin nan ce masu doguwar sandar ƙarfe da ke riƙe da nauyin gaba, ka ɗaure noti ɗaya gaban ya tashi. Na ɗaure dama, na ɗaure hagu, ina ja da baya ina dubawa, har ta miƙe sak. Ban auna komai ba. Da na ga ta yi kyau sai na ƙara mata zagaye biyu.

A makon ne aka yi sunan ɗan gwaggonki Ladi a Ndogpassi. Mamanki ta kwana biyu tana shirin miyar ganyen ndole, ta cika babbar tukunya, ta ɗaure murfin da tsumma, ta ɗora a cinya. Damina ce, hanyar duk ramuka. Ramin farko da muka shiga, gaban motar ya buga kamar an jefar da guduma. Abin da na yi shi ne na tura hannun ƙarfen sama da ke riƙe da taya har ya zauna a kan robar da ke tare shi, taya ba ta da sauran wurin sauka. Maimakon taya ta gangara cikin rami ita kaɗai, sai duk motar ta faɗa tare da ita. Kafin mu isa, rabin ndolen yana kan sabuwar atamfar mamanki, wani yana kan rigata, wani har a madubi. Muka isa na kashe mota. Ta dube ni ta ce, "Malam, me motar nan ta yi maka da ka rama a kaina?" Gwaggonki ta ara mata zani, matan gidan suka yi ta dariya, aka raba abin da ya saura kowa ya ɗanɗana. Yaron nan yanzu yana da gemu, amma har yau idan an tuna ranar sunansa, ndolen ake fara tunawa.

Saboda haka, Ummi, duk motar da kika ɗaga, ki sa jak a ƙarƙashin shasi, wato ƙashin jikin motar, ki ga iya inda taya za ta iya sauka. Idan ba ta da wurin sauka, kin wuce iyaka, komai kyan da ta yi a ido.

Ban daddara ba. Bayan 'yan makonni tayoyin gaba biyu suka cinye ta gefen waje, sumul, tsakiyarsu kuwa kamar sababbi. Na yi ta zagin mai sayar da taya. Pa Ndumbe ya lura da motar tun washegarin da na taɓa ta, amma ya zuba mini ido yana jira. Ranar nan ya sa na tsaya a tsakiyar gareji, na miƙa hannuwana biyu gefe da gefe, ya ce in sauke su a hankali. Ya tambaye ni ina yatsuna suka nufa. Na ce ƙasa. Ya ce in sake dubawa. Sai na ga suna yin ƙasa, suna kuma matsowa kusa da jikina. Ya ce haka hannuwan da ke riƙe da taya suke yi idan an ɗaga mota. Na sama gajere ne, na ƙasa dogo, ba sa matsowa daidai, don haka taya take karkacewa. Sandar da ke juya ta daga sitiyari ita ma ta ja ta, bakin tayoyin ya daina duban gaba sosai. Ya ɗauko zare ya zagaye tayoyi huɗu, ya nuna mini da idona yadda na gaba suka kauce. "Mon petit, yarona," in ji shi, "noti ɗaya ka taɓa, amma abu uku ka motsa."

Tun daga ranar, motar da na sauya wa tsawo ba ta fita daga hannuna sai an yi mata paralelisim, an daidaita tayoyin a ranar. Ke ma ki riƙe wannan. Mai mota zai ce yana sauri, zai dawo jibi. Ba zai dawo ba sai tayoyinsa sun mutu, kuma a lokacin sunanki zai kira, ba saurinsa ba. Ki ba shi kujera da ruwan sanyi, ya jira.

Na daidaita tayoyin, amma girman kai ya hana ni sauke gaban. Sai ranar da aka loda mini buhunan albasa zuwa Bonabéri. Baya ya zauna, hanci ya dubi sama. Muna kan gadar Wouri da la'asar ruwa ya sauko, irin na garin nan da ke mai da rana duhu. Na kunna fitila, hasken ya tafi sama, bai taɓa kwalta ba. Masu tahowa suna ta ƙyafta mini fitila domin ina kashe musu ido. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba, idan na taka birki sai in ji gaban yana neman zamewa. Na ƙarasa a hankali ina salati. Da na dawo, da hannuna na kwance notin nan na mai da ita yadda na same ta. Abokaina suka koma kiranta Mai Ruku'u, ni kuma na koma amsawa, har na sa aka rubuta sunan a bayanta.

A nan na gane cewa waɗanda suka ƙera ta da gangan suka bar baya sama, domin idan kaya ya hau ta zauna daidai. Motocin da za ki riƙe buhunan koko za su ɗauka. Kafin ki taɓa ko noti ɗaya, ki tambayi direba abin da yake ɗauka da yawansa, ki sa a loda motar ki gan ta da kaya. Idan kin ɗaga ɗan kaɗan saboda ramuka, ki tuna ki sauke fitilun su dubi hanya.

Waɗannan duk ƙuruciya ce, kuma ni da mamanki kaɗai muka sha wahalarsu. Wanda zan faɗa miki yanzu ina babba na yi shi, da garejina, da sunana, kuma ban taɓa ba ki labarinsa gaba ɗaya ba.

Kin san Alhaji Buba, dattijon nan mutumin Maroua mai fataucin shanu, wanda ya tsaya mini lokacin da nake neman filin gareji. Ya sayi sabuwar pikap irin ta yanzu, wadda ba ta da sandar nan, sai dai a sa mata kal, wato zoben ƙarfe mai kauri, a saman sifirin. Ya ga wata mota a Akwa an ɗaga ta da manyan tayoyi, ta shiga ransa. Ya zo mini da kal ɗin da aka sayo masa, kaurinsa ya kai yatsu uku. Kin san sifirin a tsakiyar hannun ƙasa yake zaune, don haka abin da aka ƙara a can yakan kusan ninkuwa kafin ya isa taya. Na duba na san ya yi yawa. Na san rotil ɗin sama, ƙwallon da hannu yake juyawa a kansa, zai karkace har ƙarshen iyakarsa ya zauna a can. Na buɗe baki na ce, a hankali, Alhaji da an rage. Ya yi dariya ya ce ai ni gwani ne, babu abin da zai gagare ni. Na ji kunyar dattijon da ya yi mini alheri, na kuma ji daɗin yabon. Na sa masa.

Bayan wata biyu ya kawo ta canjin mai. Na leƙa ƙasa na ga giris ya fantsama ko'ina. Robar kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba, ta yage, domin sandar ta karkace fiye da yadda aka yi ta. Motar tana gaya mini gaskiya ke nan. Na canza robar, na goge giris ɗin, na ba shi makulli ban ce komai ba, domin idan na yi magana sai na amsa cewa aikina ne.

Ana saura kwana ɗaya kafin ya ɗauki iyalinsa zuwa arewa hutun Sallah, shi da Hajiya da 'ya'yansu a mota ɗaya, tafiyar kwana biyu. Da hantsi ya je Marché Dakar sayen tsaraba. Yana hawa bakin kwalbati zai yi fakin, tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, rotil ɗin ya fita. Tayar dama ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota. Da aka kira ni na je na same shi tsaye da ledar kaya a hannu, mutane sun kewaye, yana cewa lallai an sayar masa da mota mai jabun kaya. Na durƙusa na duba. Ina duban ƙarfen nan ina ganin hanyar arewa, da gangaren dutse, da manyan motocin katako.

Da na ce jabun kaya ne, babu wanda zai musa. Na tashi na ja shi gefe na ce, "Alhaji, motarka ba ta da laifi. Ni ne. Na san kal ɗin ya yi yawa tun ranar farko, na kuma ga alama wata biyu da suka wuce na yi shiru." Bai ɗaga murya ba. Ya ce in gyara, ya tari tasi ya tafi. Iyalinsa a bas suka yi tafiyar. Ke kina makaranta a lokacin, wataƙila kin tuna Sallar da ban iya cin naman kirki ba, mamanki tana cewa zazzaɓi ne.

Na cire kal ɗin, na sa siriri, na canza rotil biyu da hannuwan sama, na daidaita tayoyi. Da ya dawo daga arewa ya zo da kansa, da ƙullin kilishi a hannu. Ya zauna a bencin gareji ya ce ya yi fushi har ya wuce Ngaoundéré, daga nan kuma ya fara tunanin makanikai nawa ne a Douala za su faɗi abin da na faɗa. Sannan ya ce, "Danjuma, nan gaba idan za ka ce mini a'a, ka faɗa da ƙarfi. Kunnena ya tsufa." Muka yi dariya har hawaye. Rabin masu motocin da kika gani a garejinmu shi ya turo su.

Ummi, a can za ki haɗu da manya, shugabannin ƙungiya, masu furfura, waɗanda suka girmi ubanki. Ki gaishe su da ladabi, ki rusuna, ki ba su girmansu. Amma idan ɗayansu ya ce ki sa abin da kika san zai karya rotil, ki ce a'a yadda zai ji. Ki nuna masa da hannu, ki sa shi ya leƙa. Idan ya nace sai tsawon nan, ki ce to sai an canza hannuwan sama da waɗanda aka yi domin hakan. Idan ya ƙi, ki ba shi makullinsa. Idan kuma kin yi kuskure, kuma za ki yi, ki faɗa tun yana giris a jikin roba.

Saura wanda ya shafe ki. Bara, bayan kin gama makaranta kin dawo gareji, aka kawo wata pikap baƙa da aka ɗaga a wani wuri. Mai ita ya ce idan ya sha kwana sitiyari ba ya dawowa da kansa, a miƙaƙƙiyar hanya kuma tana yawo. Na ce famfon sitiyari ne. Kika ce, a gaban mai motar da ma'aikata, Baba ina ganin ba famfo ba ne, ɗagawar ce ta rage kwanciyar da ƙafar taya take yi zuwa baya, wadda ke dawo da sitiyari tsakiya, kika kira sunanta na makaranta. Na ce miki ina gyaran mota tun ba a haife ki ba. Kika koma kan aikinki. Na canza famfo, motar ba ta canza ba. Washegari da na dawo daga sallar azahar na tarar kin ɗora ta a kan na'ura, kin juya notocin hannun ƙasa, kin fita da ita kin dawo, kin ajiye makulli a kan teburina. Na zagaya da ita har Ndokoti. Sitiyarin yana dawowa cikin tafin hannuna kamar sabo. Na tsaya a gefen hanya ina dariya ni kaɗai, har wani mai babur ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Na dawo na ce miki aikin ya yi, ban ƙara komai ba. Abin da ya kamata in faɗa a gaban mutanen da na gwale ki shi ne ke ce da gaskiya, kuma ki yi haƙuri. Na faɗa yanzu. Wata rana za a sa wasu a ƙarƙashinki, ɗayansu zai ga abin da ba ki gani ba. Ki saurare shi tun a ranar farko, kada ki jira sai kin canza famfo. Wasu kuma za su raina ki saboda ke mace ce da ɗankwali da sifana a hannu. Kada ki ɓata bakinki a kansu. Ki yi aikin, ki ba su makulli su zagaya.

Sauran kin sani. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da hannunki duk baƙin mai ne, sabulu na sa miki a akwatin kayan aiki. Kada ki shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya riƙe ta, ko na minti ɗaya ne. Ki girmama kawunki da matarsa, ki taya ta aikin gida ranar hutu. Ki ci abinci da rana, na san ki idan aiki ya kama ki. Ki kira mamanki kullum. Ni ko bayan kwana biyu ya isa, amma idan wata mota ta ba ki wuya ki kira ni nan take, ba don na fi ki sani ba, don dai in ji.

Abu na ƙarshe. Shekaranjiya na kira mai fenti ya sake rubuta allon gareji, domin ruwa ya cinye tsohon. Na rubuta masa abin da nake so a takarda. Ya karanta ya ce patron, maigida, akwai kuskure, kowa “et Fils”, wato “da ɗansa”, yake sawa. Na ce ya rubuta yadda na ba shi. Ya hau tsani ya sake tambaya, na sake faɗa. Yanzu duk wanda ya shigo layinmu zai ga “Garage Danjuma et Fille”, wato garejin Danjuma da 'yarsa, da manyan haruffa shuɗaye. Jiya da muka wuce zuwa tashar mota sayen tikitinki na yi ta jan ki da hira don kada ki ɗaga kai, kuma ba ki ɗaga ba. Ki yi shekarunki a Bertoua, ki koyi abin da ban sani ba. Allon yana nan.

Allah ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a hannuwanki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Duk motar da ta fita daga hannunki, Allah ya kai masu ita gida lafiya. Mamanki tana gaishe ki, gwaggonki Ladi tana gaishe ki, Alhaji Buba ya ce a gaya miki ba zai bar kowa ya taɓa gaban motarsa ba sai kin zo hutu. Ki gaishe mini da kawunki da iyalinsa.

Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Danjuma